Idan ofishin gwamnati ya ce "ba a ga fayil ɗin ba", me ya rage wa mai nema?

Tambayar da aka aiko ita ce: wani malami ya rubuta wa wata ma'aikatar gwamnati yana neman takardun kwangilar wani aiki da aka biya kuɗinsa shekaru goma da suka wuce, amma har yau ba a kammala shi ba. Bayan watanni yana zirga-zirga, sai wani jami'i ya gaya masa da baki cewa an nemi fayil ɗin sama ko ƙasa ba a gani ba. Yana so ya san ko da gaske ɗan ƙasa yana da hakkin ganin takardun gwamnati, ko kuwa magana ce ta fatar baki. Kuma tun da yanzu ana cewa komai ya koma kwamfuta, ashe batun ɓatan takarda bai ƙare ba?

Malam, hakkin nan gaskiya ne, kuma a ƙasashe fiye da 120 doka ce rubutacciya wadda kotu take iya tilasta wa hukuma bin ta. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa mutane ba lokacin da ake murnar kafa irin waɗannan dokoki. Doka tana iya sa a buɗe maka abin da yake ajiye ne kawai. Abin da ba a taɓa rubutawa ba, da wanda aka rubuta gara ta cinye, da wanda aka goge daga wayar wani babban jami'i, babu alƙalin da zai iya dawo da su. Shi ya sa mu masu aikin adana takardu muke ɗaukar hakkin gani da aikin ajiya a matsayin abu guda. Wanda ya ci maka hakkinka a wannan magana mai yiwuwa ya yi haka ne tun shekaru kafin ka ɗauki biro ka rubuta wasiƙarka.

Bari mu fara da hakkin kansa. Ƙasar Suwidin ce ta fara sa shi a doka tun 1766, inda ta ce takardun hukuma a buɗe suke ga jama'a sai wanda doka ta keɓe. Duniya ta daɗe ba ta bi sahu ba. Amurka ta yi tata a 1966, Afirka ta Kudu da Birtaniya a 2000 (ta Birtaniya ba ta fara aiki sosai ba sai 2005), Indiya a 2005, Laberiya a 2010, Najeriya a 2011, Gana a 2019. Tushensu ɗaya ne: takardar da ma'aikaci ya rubuta a bakin aikinsa, da kuɗin jama'a, a kan sha'anin jama'a, ba tasa ba ce kuma ba ta ofishinsa ba ce, riƙon amana kawai yake yi. Saboda haka nauyin kawo hujja yana kan mai hanawa. A dokar Najeriya, misali, ba sai ka bayyana dalilin da ya sa kake neman bayanin ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in takardun suna da yawa, in kuma za ta hana sai ta rubuta maka dalili. Shirun da ya wuce wa'adi ana ɗaukarsa ƙin bayarwa ne, kuma kana da kwana 30 ka garzaya kotu. Wanda aka samu da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce. A Amurka da Birtaniya wa'adin kwanakin aiki 20 ne, a Indiya kwana 30, amma in maganar ta shafi rai ko 'yancin mutum sai ya dawo awa 48. Indiya ta yi wata dabara da nake ganin ta fi ta kowa tasiri: jami'in da ya yi jinkiri ba dalili ana iya cin sa tarar rufi 250 a kowace rana har zuwa 25,000, kuma shi da kansa zai biya.

Ka lura da yadda dokar Indiya ta samo asali, domin ta yi kama da abin da kake nema. A jihar Rajastan, a shekarun 1990, leburorin ƙauye da ke aikin gwamnati ba sa samun cikakken ladansu. In sun yi magana sai a ce rajistar aiki ta nuna an biya, in sun ce a nuna musu rajistar sai a ce sirrin gwamnati ce. Wata ƙungiyar manoma da leburori mai suna MKSS, wadda Aruna Roy take cikin jagororinta, ta yi ta fama har ta samo kwafin wasu rajistocin, daga ƙarshen 1994 ta fara tara mutane a fili ana karanta sunaye da babbar murya. Sai a ji sunan wanda ya rasu tun tuni wai ya yi aiki ya karɓi kuɗi. Sai a ji an biya kuɗin ginin da kowa a wurin ya san babu shi. Ba a buƙaci wani masani ya yi sharhi ba, mutanen wurin ne suka san gaskiya, takardar kuma ta nuna ƙaryar da aka rubuta. Amma duba, duk wannan ya yiwu ne don rajistar tana nan. Da an ce ta ɓata, da ba abin da za a karanta.

Ba na musun cewa akwai abin da ya kamata a rufe. Bayanan lafiyar mutum, binciken 'yan sanda da ba a gama ba, shirin tsaro da ke kan aiki, farashin da 'yan kwangila suka miƙa kafin a buɗe tayinsu: duk doka mai hankali tana kare waɗannan. Abin da dokoki masu kyau suke yi shi ne su ƙuntata wannan kariya. In sakin layi ɗaya ne a takarda yake da haɗari, shi za a rufe a ba ka sauran. Kuma sirri yana da wa'adi. A Birtaniya an fara da shekara 50 a dokar 1958, aka rage zuwa 30 a 1967, daga 2013 aka fara saukowa zuwa 20. A Amurka ƙa'idar ita ce takardun sirri masu darajar tarihi su buɗe da kansu bayan shekara 25, sai waɗanda aka keɓe. Takardar kwangilar aikin jama'a da aka riga aka bayar aka biya ba ta cikin abin da ya cancanci rufewa, kuma ina jin shi ya sa ba su ce maka sirri ce ba. Da sun ce sirri ce, da ka kai su kotu sun sha wuyar kare kansu. "Ba a gani ba" ta fi sauƙin faɗa, ta fi wuyar ƙaryatawa.

To yaya fayil yake ɓata? A nan zan ɗan tsaya, domin wanda bai taɓa shiga ɗakin rajista ba ba zai gane inda ɓarnar take farawa ba. A ofishin da ke tafiya daidai, wasiƙa ba ta wucewa kai tsaye teburin shugaba. Tana fara shiga rajista, a buga mata hatimin ranar da ta iso, a rubuta ta a littafin shigowa, a sa ta cikin fayil mai lamba. Kowane shafi da ya shiga fayil ana rubuta masa lambarsa a kusurwar sama, bi da bi. Jami'an da fayil ya bi ta hannunsu suna rubuta ra'ayinsu a ciki su sa hannu da kwanan wata, wanda ke sama ya rubuta amincewarsa ko ƙinsa. A rajista kuma akwai kati ko littafi da ke nuna a hannun wa fayil yake yau. Wannan tsari ba don ƙawa aka yi shi ba. In ka buɗe fayil ka ga daga shafi na 41 an tsallaka zuwa na 47, ka san shafi biyar sun fita, kuma katin zai gaya maka su wa suka riƙe shi.

Lalacewa takan fara ne da abin da ake ganin ƙarami ne. Babban jami'i ya riƙe fayil a durowarsa ya kulle don "yana da muhimmanci", ba a rubuta a kati ba. Aka yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ya tafi da mabuɗi. Wata wasiƙa ta zo kan maganar, akawu ya nemi fayil bai gani ba, sai ya buɗe fayil na wucin gadi. Daga ranar labarin aikin ya rabu biyu, kuma sau da yawa ba a sake haɗa su. Bayan 'yan shekaru ma'aikata ta koma sabon gini, aka ɗaure tsofaffin fayiloli dami-dami da igiya, aka jibge su a wani sito ko ƙarƙashin matakala ba tare da jerin abin da ke ciki ba. Na sha kwance irin wannan dami: allurar da ta haɗa takardu ta yi tsatsa ta ci gefen shafi, takardar na'urar fakis ta koɗe ta zama fari fat kamar ba a taɓa rubutu a kanta ba, na ƙasa sun sha danshi sun manne da juna, gara ta bi ta tsakiya ta bar bango kawai. Fayil ɗin da ke cikin dami marar jeri, ko da lafiyarsa ƙalau, daidai yake da wanda ya ƙone, tun da babu mai iya cewa ga inda yake. Mai son ɓoye almundahana a irin wannan ofis ba ya buƙatar kunna ashana, sakacin da ke wurin ya isar masa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a ma'aikatu da yawa rajista ce ake tura wanda ake ganin ba shi da amfani ko wanda ake so a hukunta, alhali shi ne yake riƙe da shaidar duk abin da ofishin ya taɓa yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ofishin da bai kula da takardunsa shekara goma ba, ba zai iya amsa maka cikin kwana bakwai ba ko da yana so.

Kada ka ɗauka ina cewa a ajiye komai. Babu gwamnatin da take iya haka, kuma wadda ta gwada za ta binne takardu masu amfani cikin tarkace. Ma'ajiyar takardun tarihi ta Amurka tana cewa kashi 1 zuwa 3 cikin 100 kawai na takardun gwamnatin tarayya ake ajiyewa har abada. Sauran ana lalata su, amma bisa jadawali da aka amince da shi tun farko: wannan iri shekara kaza, wancan sai mai binciken kuɗi ya gama da shi, wancan kuma ba a taɓa shi, a miƙa shi ma'ajiyar ƙasa. In lokacin lalatawa ya yi, ana rubuta jerin abin da aka lalata, da ranar, da wanda ya ba da izini. Bambancin ofis mai tsari da marar tsari ke nan. Na farko zai iya ce maka an lalata takardar a shekara kaza bisa izini kaza, ga shaida. Na biyu sai dai ya ɗaga kafaɗa.

Kuma ko a inda ake da tsari, kuskuren zaɓen abin da za a zubar yana faɗawa kan talaka ne. A 2010 ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta lalata dubban katunan sauka na mutanen da suka shigo ƙasar daga tsibiran Karebiyan bayan yaƙin duniya na biyu, waɗanda ake kira zuriyar Windrush. Bayan 'yan shekaru gwamnatin ta tsananta dokar shige da fice, ta riƙa neman mutanen da suka yi shekara arba'in ko hamsin a ƙasar su kawo shaidar zamansu. Wasu suka rasa aiki, wasu aka hana su magani, wasu aka tsare su, wasu ma aka kore su daga ƙasar. Abin ya fashe a 2018 har ministar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus. A Amurka kuwa, gobarar da ta tashi a ma'ajiyar bayanan ma'aikata da sojoji a birnin Sen Luwis ranar 12 ga Yuli 1973 ta cinye fayiloli miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin 100 na bayanan sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. Babu kwafi a wani wuri, babu ma cikakken jerin abin da ke ciki. Har yau iyalan tsofaffin sojoji suna harhaɗa shaidar aikin iyayensu daga takardun albashi da na asibiti. Fansho, mallakar fili, shaidar zama ɗan ƙasa, duk a kan takardar da wani akawu ya ajiye ko ya yi sakaci da ita suke tsaye.

Akwai kuma ɓatarwa ta ganganci, kuma tarihinta ya kamata ya sa ka daina saurin gaskata "babu". Lokacin da Birtaniya take barin ƙasashen da ta mulka, an ba jami'anta umarnin su tace takardu: waɗanda za su kunyata gwamnati a ƙone su, ko a zuba su cikin akwatuna masu nauyi a nutsar a teku, ko a kwashe su zuwa Ingila a asirce. Shekaru da dama ana musanta cewa akwai su. Sai a 2011, da wasu tsofaffi 'yan Kenya suka kai ƙara kan azabar da aka gana musu lokacin tawayen Mau Mau, ma'aikatar harkokin waje ta amsa cewa tana riƙe da fayiloli kusan 8,800 daga tsofaffin yankunan mulkin mallaka 37 a wani wuri mai suna Hanslope Park. A 2013 gwamnati ta amince ta biya fam miliyan 19.9 ga mutum 5,228. Takardun da aka ce babu su ne suka tsaya wa tsofaffin nan. A Jamus ta Gabas, da mulkin gurguzu ya fara rushewa a ƙarshen 1989, jami'an hukumar leƙen asiri ta Stasi suka shiga yayyaga takardu, injinan yanka suka gaza suka koma yi da hannu. Jama'ar gari ne suka mamaye ofisoshin suka tsayar da su. Abin da ya tsira ya kai tsawon kilomita 111 in aka jera, ban da buhuna kusan 16,000 na yagaggun takardu da aka yi shekaru ana ƙoƙarin haɗawa. Daga 1992 kowa ya samu damar karanta fayil ɗin da aka buɗe a kansa.

Yanzu ga rabi na biyu na tambayarka. Kwamfuta ta sauƙaƙa rarraba bayani ƙwarai, wannan ba gardama. Amma wajen daɗewa, bayanin kwamfuta ya fi takarda rauni nesa ba kusa ba. Takarda in ka ajiye ta a busasshen ɗaki ka manta da ita, bayan shekara ɗari za ka same ta ka karanta. Bayanin kwamfuta in ka manta da shi shekara goma sha biyar, ko faifan ya mutu, ko na'urar da ke karanta shi ta bar kasuwa, ko manhajar da aka rubuta shi da ita ta daina aiki, ko wanda ya san kalmar sirri ya tafi. Littafin ƙidayar filaye na Ingila da aka rubuta a kan fata a 1086 yana nan ana karanta shi. BBC ta yi irinsa na zamani a kan faifan leza a 1986 don cikarsa shekara 900, kafin a yi shekara ashirin sai da ƙwararru suka yi aikin ceto domin na'urorin da ke karanta shi sun kusa ƙarewa.

Kada kuma a ce wannan matsalar ƙasashe marasa ƙarfi ce. A watan Satumba na 2025 gobara ta tashi a cibiyar ajiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu a birnin Daejeon. Ɗaruruwan ayyukan gwamnati na intanet suka tsaya, kuma ma'ajiyar da ma'aikata ke zuba fayilolinsu, mai ɗauke da terabait 858, ta tafi ba tare da kwafi a wani wuri ba. Kuskuren Sen Luwis ne aka maimaita bayan shekara 52, kwafi ɗaya a gini ɗaya.

Shafukan intanet na gwamnati sun fi komai saurin gushewa. Sabuwar gwamnati ta hau, aka sake wa ma'aikata suna ko aka haɗe ta da wata, aka ba sabon kamfani aikin shafi, rahotannin shekara goma suka ɓace a dare ɗaya ba wanda ya sa hannu a kan haka. Wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2024 ya nuna kashi 38 cikin 100 na shafukan da suke intanet a 2013 ba sa buɗuwa bayan shekara goma, kuma kashi 21 cikin 100 na shafukan gwamnati da aka duba a Amurka suna ɗauke da aƙalla mahaɗi ɗaya da ya mutu. Saboda sanin haka ne wasu ɗakunan karatu da Internet Archive, wata ƙungiya mai adana kwafin shafukan intanet, suka haɗa kai tun 2008 suna kwafe shafukan gwamnatin Amurka duk ƙarshen wa'adin shugaban ƙasa. Amfanin wannan ya fito fili a farkon 2025, lokacin da aka sauke dubban shafuka daga hukumomin tarayya, ciki har da na bayanan lafiya. Aiki ne mai kyau, amma ni ban yarda gwamnati ta jingina tarihinta ga 'yan sa-kai ba. Hakkinta ne, da kuɗin jama'a.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan zamani ma ba gobara ba ce. Shawarwarin da a da ake rubutawa cikin fayil a sa hannu, yanzu a WhatsApp da imel na ƙashin kai ake yanke su, wani lokaci an kunna saƙon da ke goge kansa. Fayil yana nan a rajista, amma ba komai a ciki sai wasiƙar ƙarshe; wanda ya kawo shawarar, wanda ya ja hankali aka ƙi ji, dalilin da ya sa aka zaɓi wannan ɗan kwangila aka bar wancan, duk suna cikin wayar da za a canza baɗi. Jaridar New York Times ta nemi saƙonnin waya da shugabar hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen ta yi da shugaban kamfanin Pfizer lokacin cinikin rigakafin korona. Hukumar ta ce ba ta da su. A watan Mayu na 2025 kotun Tarayyar ta soke wannan amsa, ta ce bai isa hukuma ta ce ba ta riƙe da takarda ba, sai ta yi bayani mai gamsarwa kan irin neman da ta yi da dalilin rashin samu. Ka riƙe wannan hukunci a ranka, domin ko da ba ya aiki a kotun ƙasarku, hujjar da ke cikinsa ita ce hujjarka.

Wani tarko kuma shi ne aikin ɗaukar hoton tsofaffin takardu a zuba a kwamfuta. Ana son irin wannan kwangila domin ana ganin na'urori ana ɗaukar hoton buɗe taro. Amma in ba a fara tsara takardun an yi musu jeri ba, hargitsin da ke sito ne aka mayar cikin faifai, hotuna dubu ɗari marasa suna. Mafi muni, wasu sukan zubar da na asali bayan an gama, sannan faifan ya lalace. Ajiyar bayanin kwamfuta aiki ne na kullum: kwafi aƙalla uku, ɗaya a wani gari dabam, a riƙa gwada su lokaci-lokaci a tabbatar ba su canza ba, a yi amfani da tsarin fayil da aka yi don daɗewa irin PDF/A, a kuma sa kuɗin wannan a kasafin kowace shekara. Kariya mafi arha kuwa ita ce wallafawa tun kafin a tambaya. Abin da aka buga aka rarraba ya yi wuyar ɓata, ya yi wuyar sauyawa a ɓoye. Amurka ta shafe shekaru da dama tana aika littattafan gwamnati kyauta zuwa ɗakunan karatu fiye da 1,000 a faɗin ƙasar don wannan dalili. A Yuganda, bincike ya nuna tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 kawai na tallafin da ake ware wa makarantun firamare yake isa gare su. Gwamnati ta fara buga adadin kuɗin da ta tura kowace gunduma a jaridu, ana kuma liƙa shi a makarantu, zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Akwai wasu gyare-gyare da aka yi a lokacin, amma masu binciken sun ga makarantun da suka fi samun jarida sun fi amfana.

Sai abin da za ka yi kai. Amsar baki ba amsa ba ce, don haka ka sake rubutawa, ka ambaci dokar da kake dogara da ita, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa da kwanan wata. Kada ka ce "duk takardun da suka shafi aikin", wannan yana ba su ƙofar cewa neman ya yi faɗi. Ka kira kowace da sunanta: tallar neman 'yan kwangila, rahoton kwamitin tantancewa, wasiƙar bayar da kwangila, yarjejeniyar da aka sa wa hannu, takardar shaidar matakin da aiki ya kai, baucan biyan kuɗi. Sannan ka ƙara da cewa in suna da'awar fayil ya ɓata, su ba ka lambarsa da sunansa kamar yadda suke a littafin rajista, da shafin katin da ya nuna wanda ya karɓe shi na ƙarshe, da bayanin wuraren da aka bincika. In kuma lalata shi aka yi, su ba ka jerin lalatawa da izinin da aka bayar. In an miƙa shi ma'ajiyar ƙasa, su ba ka takardar miƙawa. Waɗannan ma takardun gwamnati ne, kana da hakkin ganinsu. Jami'in da zai ce "babu" da baki ba tare da ya ji komai ba yakan yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu a kai, musamman a ƙasar da dokarta ta hukunta ɓatarwa. A Najeriya lalata takarda da gangan ko sauya ta kafin a miƙa wa mai nema laifi ne mai ɗaurin aƙalla shekara ɗaya.

Kada kuma ka tsaya a ƙofa ɗaya. Kwangila ba ta rayuwa a fayil guda. Ofishin da ya fitar da kuɗi yana da baucansa, hukumar sa ido kan sayayyar gwamnati tana iya riƙe takardar amincewa, majalisa tana da kasafin shekarar da aka sa aikin, mai binciken kuɗi yana da rahotonsa, hukumar rajistar kamfanoni tana da sunayen masu kamfanin. Ka rubuta wa kowanne dabam, a rana ɗaya in da hali. Ka duba tsohon shafin ma'aikatar a Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafuka ta Internet Archive, sau da yawa jerin kwangilolin da aka sauke yana nan. Da wuya a iya share abu daga wurare shida, kuma inda kwafin wani ofis ya saɓa da na wani, nan ne ya kamata ka ƙara tono.

Ka kula da wa'adin ɗaukaka ƙara, domin yana fara ƙirguwa daga ranar da aka hana ka ko ranar da lokacin amsa ya cika, kuma mutane da yawa suna rasa shari'a mai ƙarfi don sun tsaya jiran "ka dawo mako mai zuwa". A ƙasashen da ke da kwamishinan bayanai, kamar Birtaniya da Indiya, wurinsa ake kai kuka kafin kotu, bayan an fara neman hukumar da kanta ta sake duba amsarta. Inda babu sai kotu, kuma akwai ƙungiyoyin lauyoyi da 'yan jarida da ke taimakawa a irin wannan ƙara. In kuwa a ƙarshe suka rubuta maka cewa babu fayil, babu jerin lalatawa, babu takardar miƙawa, to ka kai kwafin wannan wasiƙa ga babban mai binciken kuɗin gwamnati da kwamitin majalisa mai duba asusun jama'a. Fitar da kuɗin gwamnati ba tare da takardun da ke tabbatar da shi ba saɓa ƙa'idar kuɗi ne mai zaman kansa, kuma su suna da ikon kiran jami'in da ya sa hannu ya zo ya yi bayani.